Ɗankunnen Shanun Ardo Jafaru

Asabar, 21 ga Yuni, 2025

Ardo Jafaru ya sauka da la'asar kamar kowace Asabar. Daga rugarsa ta wajen Dutsi sai zaurena, ya kwana, da asuba mu kama hanyar kasuwar Mai'adua. Tun ina malamin dabbobi muke haka, ga shi na yi ritaya na koma dillancin shanu, har yau tabarmarsa daban take, ba mai hawa. Ya kawo wa matata Adama man shanu. Ta ce ya yi yawa, ta kuma karɓe duka.

Yau da murna ya zo. Jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta ɓace ran Laraba, aka duba waya, sai ga ta a bayan wata gona tana kiwonta. Ya ce, "Malam, ɗankunnen yaronka ya biya kuɗinsa."

Yaron nawa Anwar ne, ɗan marigayi Badaru abokina. Shi ya kafa Garkena, kamfanin da ke yin ɗan abin nan da ake maƙala wa saniya a kunne, waya ta nuna duk inda ta shiga. Bara da suka shiga kasuwar hannun jari na zuba wani abu daga garatutina. Ni kuma na huda wa shanun Ardo kunne da hannuna, don ba zai yarda wani ya taɓa su ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini ranar: kada a ƙirga. Bafulatani ba ya ƙirga garkensa, kowace saniya ya san ta da kamarta da uwar da ta haife ta. Ya ce ƙirge yana kore albarka, kuma kakansa bai taɓa ganin mai ƙirga shanu ba sai mai karɓar jangali. Na ce masa ko ni da na huda ban ƙirga ba. Gaskiya ce kuwa. Duk shekarun nan ban san yawan shanunsa ba, ban kuma taɓa sha'awar sani ba.

Talata, 24 ga Yuni

Alhaji Sada mai shagon taya ya saka ni a guruf ɗin wasaf na masu hannun jari na Daura. Ban roƙe shi ba. Mutumin da bai san bambancin karsana da maraƙi ba, yau shi ke koya wa jama'a makomar kiwo.

Alhamis, 3 ga Yuli

Wayata ba ta huta ba tun safe. Garkena ta fitar da sanarwar abin da ta kira sabuwar alkibla. Na karanta ban gane ba, Turancin nan nasu mai santsi, sai da na kira 'yata Khairunnisa a Kano, tunda ita ce ta karanta harkar kuɗi. Ta ce, "Baba, a taƙaice, ɗankunnen kyauta za su riƙa bayarwa. Bayanan za su sayar."

Na ce wane bayani? Ta ce yawan shanun kowane mutum, inda suke kwana, inda suke shan ruwa, wanda ya sayar da wanda ya ƙara. Kamfanonin ba da bashi ta waya da masu inshora ne za su saya.

Na zauna daɓas a kan turmi. Adama ta ɗauka hawan jini ne.

A guruf kuwa sai ka ce an yi haihuwa. Sada ya turo bidiyon wani mai sharhi daga Legas, da kwat da nakatai, yana cewa dama roba da batir ba su kawo riba, dukiyar tana cikin sanin abin da makiyayi ya mallaka. Wani ya ce Anwar ya girma. Wani ya ce ai da tun bara aka yi haka da yanzu an wuce wurin. Na rubuta cewa makiyayan nan ba a tambaye su ba. Sada ya amsa da hoton dariya, ya ce, "Malam Maharazu, mu jari muka zuba, ba zumunci ba." Ƙyama ta kama ni har na kasa cin abincin rana.

Juma'a, 4 ga Yuli

Farashin ya tashi. Sada ne ya faɗa mini a ƙofar masallaci, ko takalmi bai gama sakawa ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Ardo ya zo. Mun yi hirar ruwan sama, da ciwon kofato da ya ɓulla wajen iyaka. Maganar ta zo mini har baki na mayar. Me zan ce masa alhali ban ji daga bakin Anwar ba? Bari in tabbatar tukuna.

Laraba, 16 ga Yuli

Sai yau Anwar ya ɗaga wayata. Ladabi kamar kullum, Baba Malam kaza, Baba Malam kaza, ya jikin Mama Adama. Na ce masa ya bar wannan, ya gaya mini ko da gaske ne zai sayar da asirin mutane. Ya ce ba asiri ba ne, alƙaluma ne. Ya ce manyan masu jari na Legas sun matsa masa, ko ya nuna riba ko su kawo wani ya zauna a kujerarsa. Ya ce duk wanda ya kunna manhajar ya riga ya danna amincewa.

Ni na danna wa Ardo. Ni na riƙe wayar ranar, shi yana riƙe da ƙahon saniya.

Na ce, "Anwar, ka san garin da kake? Wanda ya san yawan shanun mutum ya san nawa zai nema in ya ɗauke masa ɗa." Ya ce suna da tsaro mai ƙarfi a kwamfutocinsu. Kwamfuta! Yaron da na yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi.

Ya ce in ina da magana in kawo ta babban taron shekara, ƙarshen wata, kowane mai hannun jari yana da bakin magana. To, zan kawo.

Lahadi, 20 ga Yuli

Mai'adua. Kasuwa ta yi sanyi, 'yan kudu ba su zo sosai ba. Ardo yana ta nuna wa wasu Fulanin Nijar ɗankunnen, yana ce musu, "Ku tambayi Malam, shi ya tsaya mana." Na shige rumfar mai shayi.

Litinin, 28 ga Yuli

Na shirya abin da zan faɗa. Na karanta wa Adama tana tsince shinkafa, ta ce ya yi zafi. Na ce dama zafin nake so. In ban tona musu asiri ran Alhamis ba, a canza mini suna.

Alhamis, 31 ga Yuli

Taron ta waya aka yi. Muka taru a shagon Sada don sabis ya fi ƙarfi a can, ya jingina wayar a jikin taya, mu kuma muna kan benci kamar masu jiran allura.

Ban taɓa ganin fadanci irin na yau ba, ni da na girma a garin sarauta. Masu hannun jari suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani daga Ibadan ya ce shugaban kamfani haske ne ga matasan Afirka, sannan ya yi ƙorafin cewa tun da aka koma taron waya an daina raba jaka da laima. Wata ta ce a ƙara wa daraktoci alawus don kada wasu su sace mana su. Wani ya tambayi yaushe za a kai ɗankunnen kan awaki da raƙuma, tunda su ma ana iya ƙirga su. Ba wanda ya ambaci makiyayi ko da kuskure. Akwai wakilin hukumar da ke sa ido kan kasuwar, an gabatar da shi, ya gaisa, ya zauna yana rubutu.

Can sai na ji an kira sunana. Mai gabatarwa ta ce minti biyu. Kafin in buɗe baki Anwar ya karɓe, ya ce wa jama'a wannan ubansa ne, aminin mahaifinsa, wanda ya fara yarda da Garkena lokacin da kowa ke dariya. Ya ce, "Baba Malam, barka da warhaka. Ya gida, ya damina?"

To yaro ya gaishe ka a gaban duniya, ka ƙi amsawa? Na amsa. Na tambayi iyalinsa, na tambayi mahaifiyarsa da ƙafarta. Ya ambaci Badaru, dole na yi wa mamaci addu'a, aka shafa. Na gaida shugaban taro da sauran manya, don ba a haye kansu a shiga magana. Na ce Allah ya yi wa kamfani albarka, ya kare shi daga abin kunya, ina nufin daga nan in shiga kan abin kunyar. Ina cewa "sai dai kuma", sai na ga bakina yana motsi a waya ba sauti. Lokaci ya cika.

Mai gabatarwa ta gode wa dattijo daga Daura bisa goyon baya da addu'a. Sada har da tafi. Ya ce, "Wallahi Malam ka iya magana."

Aka zo ƙuri'a. Na danna ban yarda ba da ƙarfi har wayar ta kusa faɗuwa. Da sakamako ya fito, namu na masu ƙi ko a ido bai cika ba, manyan sun riga sun gama tun kafin a zauna.

Abin da ke ci na: Anwar ya san ba zan iya tsallake gaisuwa ba. A gidana ya koye ta.

Juma'a, 1 ga Agusta

Zan sayar da hannun jarin. Ba na son ko sisinsu.

Asabar, 2 ga Agusta

Khairunnisa ta ce in dakata, mai hannun jari ne kawai hukuma za ta saurara, in na sayar na zama ɗan kallo. Magana ce mai ma'ana. Na dakata.

Ardo yana zaure yanzu haka, ina jin tarinsa. Gara in bari sai hukuma ta amsa, in je masa da matsala da maganinta a tare.

Litinin, 11 ga Agusta

Mun tura koke. Khairunnisa ta cire duk inda na ce marasa kunya.

A guruf an koma musu kan hukuma. Saboda farashin ya yi tsalle, an ce ta nemi kamfani ya yi bayani. Sada ya hau sama, wai hassada ce, wai sa ido irin wannan shi ke korar masu jari daga ƙasa, a bar kasuwa ta yi halinta. Shi ɗin nan da bara, da farashi ya faɗi, ya cika mana kunne da ina hukuma take, me take jira. Wani malamin makaranta ya ce shi dai a binciki ko wasu sun saya kafin sanarwa ta fito. Aka yi masa ca. Na lura Sada bai ce komai a kan wannan ba, ya turo addu'ar safiya.

Na duba farashin da kaina yau, don in san abin da suke hauka a kai. Khairunnisa ta saka mini manhajar.

Talata, 26 ga Agusta

Wani jami'i ya kira ni daga hukumar. Bahaushe ne, mai natsuwa, ban ga laifinsa ba. Ya ce sun duba, kamfani ya sanar da kasuwa a kan lokaci, masu hannun jari sun amince a taro, ba a ɓoye wa mai jari komai ba. Ya ce, "Baba, kai ka yi asara ne?"

Na ce a'a.

"An yaudare ka ka saya?"

Na ce ni ba a yaudare ni ba, ni aka sa na yaudari wani.

Ya ce ya fahimta, amma aikinsu kare mai zuba jari ne, shi wannan bawan Allah mai shanu ba ya cikin waɗanda doka ta ɗora musu. Akwai wani ofis daban mai kula da bayanan jama'a, can ya dace, kuma mai shanun ne da kansa zai kai kuka. Ya ƙara da cewa a rahoton taro an rubuta na yi jawabin goyon baya.

Wato duk ginin nan, da benensa da motocinsa, ni aka gina wa. Ni ake karewa. Ardo da aka huda wa shanu ba shi da ko benci a ciki. Kuma kafin ya kai kuka sai wani ya gaya masa an yi masa laifi, wanin nan kuwa an san ko wane ne.

Na tofar da yawu a tsakar gida, Adama ta ce ba ta son ƙazanta.

Asabar, 30 ga Agusta

Ardo ya zo da zazzaɓi a jikinsa. Ba a ɗora wa mara lafiya irin wannan magana.

Laraba, 3 ga Satumba

An ce za a yi rabon riba kafin ƙarshen shekara. Adama ta ji a bakin matar Sada, ta fara zancen kwanon ɗakin baya da ke yoyo, da zuwa Umara. Na ce mata kuɗin ƙazanta ne. Ta ce, "To ka sayar mana, Malam." Na ce ba a sayarwa ana tsakiyar tashi, sai ya tsaya.

Ban san inda na koyi wannan maganar ba. A bakin Sada na taɓa jin ta.

Asabar, 6 ga Satumba

Ardo bai zo ba. Wataƙila jikin ne.

Lahadi, 14 ga Satumba

Jiya ma bai zo ba. Yau na gan shi a Mai'adua, a turken Maliki, dillalin da Ardo ya sha cewa ko akuya ba zai ba shi riƙo ba. Na nufe shi, ya amsa sallama, ya juya yana duba haƙoran wani bijimi.

Maliki ne ya ba ni labari, yana jin daɗin bayarwa. Ranar sunan jikan Ardo, ana zaune cike da 'yan'uwa da surukai, waya ta yi ƙara. Ardo bai iya riƙe ta a kunne ba, kullum a bayyane yake sakawa. Wata yarinya daga kamfanin ba da bashi, da muryarta mai zaƙi, ta gaishe shi da sunansa, ta taya shi murna, ta faɗi yawan shanunsa ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, ta ce ya cancanci bashi. A gaban kowa. Har da waɗanda ya ce wa ba shi da halin ba su aron saniyar tatsa bana.

Maliki ya ce tun ranar Ardo ba ya barin jikokinsa su kwana a ruga, ya raba su gidajen dangi a cikin gari.

Na dawo ban sayar da ko tunkiya ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Na kira Anwar, a kashe. Na rubuta a guruf abin da ya faru. Sada ya ce abin tausayi ne, amma wannan ya nuna tsarin yana aiki. Na fita daga guruf ɗin.

Da yamma ya mayar da ni. Ban sake fita ba, don in riƙa ganin iya inda rashin kunyarsu zai kai.

Asabar, 20 ga Satumba

Ardo ya zo da hantsi, ba lokacinsa ba. A kan babur ɗin haya, kuma bai sallami mai babur ɗin ba. Na ce a shimfiɗa tabarma, ya ce a bar ta. Ko takalmi bai cire ba. Ya sauke wani buhun gishiri da aka ɗaure da igiya ya ajiye a bakin zaure.

Ya ce, "Malam, ga kayan yaronka."

Na fara cewa Ardo ka tsaya in yi maka bayani, na kai ƙara har hukuma, na yi magana a taro. Ya ɗaga hannu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Yaushe ka sani?"

Na ce tun farkon damina.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na ci tuwonka sau nawa tun farkon damina?" Ya ce shi kansa bai sani ba, bai iya ƙirge ba.

Adama ta fito da ƙwaryar fura, ya gaishe ta da kyau, ya tambayi Khairunnisa, ya ce yana azumi. Ran Asabar. Ya hau babur suka tafi.

Na kwance buhun. Ɗankunnen ne, duka. Da wuƙa ya yanke su, wasu da ɗan guntun kunne a jiki, jinin ya bushe. Mutumin da ba ya iya dukan saniya da sanda. Na ɗaure na tura ƙarƙashin gado, wari yake yi.

Wallahi gobe zan sayar. Gobe Lahadi, ba kasuwarsu. Litinin.

Litinin, 22 ga Satumba

Farashin ya ƙara tashi.

Asabar, 27 ga Satumba

Adama ta naɗe tabarmar zaure ta kai ɗakin baya, ɓangaren da ba ya yoyo. Ban hana ta ba. Mai kwano ya zo ya auna, ya ce in an shirya a kira shi.

Sada ya tsaya a ƙofar gida, wai masu sharhi sun ce kowane ɗankunne da ke aiki yana da ƙimarsa a farashin kamfani, don haka duk wanda aka cire asara ce gare mu. Na ce masa ya bar ƙofar gidana. Mutum ba shi da zance sai lissafi, abin ƙyama.

Bayan azahar Adama ta ce in fitar da buhun nan, ƙudaje sun dame ta. Na kai bayan gida na zazzage a ƙasa don in wanke su, ko Anwar zai aiko a karɓa. Ina wankewa ina jerawa a kan bulo su bushe. Biyar biyar na jera su, don sun fi zama daidai a haka, ba don komai ba.

Ba zan rubuta adadin a nan ba.

Sun fi yadda nake zato.